Tukunyar Kakata a Ƙofar Bariki

Shekaranjiya na kai gyaran riga wurin wani tela a unguwar Totsi, nan Lome. Ina zaune aka ɗauke wuta, sai ya jawo tsohon dutsen guga mai cin gawayi, ya hura, ya ɗora a kan sabuwar atamfa. Da ƙamshin sitaci da hayaƙin gawayi suka bugi hancina, sai na ji ƙirjina ya ɗau zafi. Na bar masa rigar na fito, ko sallama ban yi ba. Ina jin ya ɗauka shi ya ɓata mini rai. Ba shi ba ne. Mutanen da nake fushi da su yawancinsu sun daɗe a ƙasa, amma fushin bai bi su kabari ba, yana nan tare da ni. Ka yi haƙuri, mai karatu, idan ka ji muryata ta yi kaushi. Haka labarin yake.

A tsohon Zongo aka haife ni, wanda ke tsakiyar Lome kafin a rushe shi, kusa da tafkin nan da ya raba gari. Gidan haya ne babba, ɗakunan langa-langa a jere, rijiya ɗaya a tsakar gida. Duk gidan Musulmi ne, mu kaɗai ne Kirista. Kakana ya zo daga arewacin Najeriya yana yi wa masu wa'azin bishara girki, ya rasu ya bar kakata da ɗa guda, wato babana. A Zongo ana ce mana Hausawan coci. A cocinmu kuma, can unguwar Hanukofe, inda ake sujada da yaren Mina, ana ce mana mutanen Zongo. Ko'ina muka je akwai wata kalma da ake ratayawa a wuyanmu. Amma dai gaskiya a gidan namu ba wanda ya taɓa ƙyamar mu. Da Sallah Hajiya mai gidan takan aiko mana da nama, da Kirsimeti Kaka takan kai kajinta wurin limamin unguwa ya yanka, don kowa ya iya ci.

Babana tela ne. Rumfarsa tana bakin ƙofar gida, keken ɗinki ɗaya, tebur ɗaya, da almakashi babba da ba ya yarda kowa ya taɓa. Mutum ne marar hayaniya, in yana yanka yadi har numfashi yake riƙewa. Innata tana sayar da koko da ƙosai da safe, da goyon ƙanena a bayanta. Ni kuwa shekarata goma sha ɗaya, kuma a ɗakin Kaka nake kwana.

A wancan zamani jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, shugaba ɗaya, kuma fuskarsa tana ko'ina: a bangon makaranta, a ƙirjin ma'aikata, har a jikin atamfa. Kowace unguwa tana da ƙungiyar mata masu yi masa rawa da waƙa in an yi taro. Wani dattijo a cocinmu, ma'aikacin ofis mai yawan murmushi, shi ne ke kula da ƙungiyar unguwarsu. Shi ya kawo wa babana turamen atamfa masu hoton shugaba, ya ce a ɗinka wa mata riguna kafin Asabar. Babana ya auna ya ce yadin ba zai isa ba, domin akwai wata mata mai jiki sosai a cikinsu. Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji dattijon ya ce masa ya haɗa da ƙyalle, ba wanda zai lura.

An lura. Ɗinkin haɗin ya ratsa ta tsakiyar fuskar shugaba, kuma a bayan rigar, daidai mazaunin matar. Da ta juya tana rawa a gaban manya, fuskar ta riƙa rabuwa tana haɗuwa, wasu suka yi dariya. Aka kira dattijon aka tambaye shi. Daga baya muka ji amsar da ya bayar: shi bai san komai ba, telan ne ya yi, kuma ai baƙo ne, ɗan Najeriya, wa ya san abin da ke ransa. Babana da aka binne cibiyarsa a Lome, wanda bai taɓa taka Najeriya ba!

Ranar Talata da hantsi suka zo, sojoji uku a mota. Babana yana kan keke. Ba su bari ya sa takalmi ba. Inna ta biyo motar da gudu da goyo har bakin titi, Kaka kuwa ta tsaya a ƙofar gida da muciya a hannu. Rigar da yake ɗinkawa ta yi kwana uku a ƙarƙashin allura, ba wanda ya iya cire ta.

Ranar Lahadi muka tafi coci kamar kullum. Bencin da muka saba zama yakan cika har a matsu. Ran nan muka zauna mu huɗu, kamar masu cutar da ake gudu. Matan da suke cin ƙosan Inna kyauta suka sa ido a littattafan waƙarsu. Aka yi addu'a domin shugaba, aka yi domin ruwan sama, aka yi domin wata mai ciwon ƙafa. Ba a ambaci babana ba. Na san tsoro ne, yanzu da na tsufa na san yadda tsoro yake ɗaure harshe. Amma har yau in na tuna faɗin bencin nan, sai in ji kamar in tashi in kifar da shi.

Bayan kwana biyu dattijon ya zo gidanmu. Bai shigo ba, ya tsaya daga bakin zaure yana waige-waige. Kaka tana tankaɗe garin masara. Ya gaishe ta da Hausarsa ta kasuwa, ya fara jero mata kalmomi masu daɗi: wai Allah yana gwada waɗanda yake ƙauna, wai kowace wahala tana da manufa, wai ta yi haƙuri ta yi shiru, kada ta ƙara jawo wa ikilisiya ido. Kaka ta bar shi ya gama. Sannan ta ajiye rariya ta dube shi.

"Allah na san shi tun kafin a haife ka," in ji ta. "Kai ne ban sani ba sai yanzu. Ka tafi, garina yana shan iska."

Tun daga ran nan, addu'ar Kaka ta canza. Da can a hankali take yi, kamar mai rarrashin jariri. Yanzu kuwa da asuba, lokacin da ladan yake kira, sai ta durƙusa a bakin gado ta kama faɗa da Ubangiji da Hausa tsantsa. Takan ce masa ɗa ɗaya ya ba ta, ba goma ba. Takan tambaye shi ko yana gani, in kuma yana gani me yake jira. Takan tuna masa cewa shi ma an kama nasa Ɗan da rana tsaka, an doke shi, abokansa sun watse, to ya san zafin, kada ya yi mata kamar bai sani ba. Ni ina kwance a tabarma, ina jiran aradu ta faɗo mana. Wata safiya Hajiya tana alwala a bakin rijiya ta ɗaga murya ta ce, "Iya, wannan addu'a ce ko faɗa?" Kaka ta amsa daga ɗaki ta ce duka biyu ne, kuma wanda take yi da shi bai kore ta ba tukuna.

Sai da aka yi mako uku kafin mu san inda yake. Wani mahauci da ke kai nama bariki ne ya raɗa wa Hajiya. Washegari Kaka ta tuƙa tuwo, ta yi miyar ayoyo, wato lalo, ta ɗora mini kwano a ka, muka kama hanya. Lokacin damina ce babba. Tafki ya cika ya malalo, hanyoyin Zongo sun zama taɓo mai wari, sauro har da rana. A ƙofar barikin akwai wata bishiya, a ƙarƙashinta mata ke zama da kwanukansu, ba mai magana da wata. Sojan ƙofa yakan buɗe kwano, ya tsoma sanda ya dama tuwon wai yana neman takarda, ya tsince naman ya jefa a baki yana kallonmu. Kaka takan ce masa sannu da aiki. Ni kuwa in na dawo gida sai in shiga bayan ɗaki in yi ta dukan bango da tafin hannu har ya yi ja.

Ba a bari mu gan shi. Kwano kawai ke shiga ya fito. Ana nan wata rana wani soja, ɗan arewa mai jin Hausa, ya miƙo mana kwanon ya yi magana ƙasa-ƙasa ba tare da ya dube mu ba. Ya ce telan ya ce a gaya wa tsohuwa su tara ne a ɗakin, kuma shi kaɗai ake kawo wa abinci.

Duk hanyar gida Kaka tana mita. Wai ita tana hana cikinta don ɗanta ya ci, shi kuma yana can yana rabo kamar ɗan sarki. Wai tun yana yaro haka yake, ba shi da wayo. Da muka isa ba ta ko zauna ba, ta wuce ɗakin Hajiya ta aro babbar tukunyar da ake girkin suna da ita.

Ba mu da abin cika wannan tukunya. Matan Zongo ne suka cika ta. Ba wadda ta yi shela, domin a lokacin ko bango ana tsoronsa. Sai dai ka ga mace ta shigo kamar ɗiban wuta, ta ajiye ƙullin gari a bayan ƙofa ta fita. Mai sayar da busasshen kifi ta ajiye na rana ɗaya, mahaucin nan yana aiko da ƙashi, wata Bazabarma mai tallan barkono tana zubo mana abin da ya rage a tire. Inna tana ƙara kwaɓin ƙosai. Daga cocinmu mace ɗaya ce tak ta zo, wata tsohuwa mai sharar majami'a, da gwangwanin manja a cikin zaninta. Na rubuta wannan don kada in yi mata rashin adalci. Ita kaɗai.

Da tafiya ta yi tafiya, sai aikin ya wuce tuwo. Sojan nan ɗan arewa ya riƙa faɗa wa Kaka sunayen waɗanda ke ciki da garuruwansu, ɗaya-ɗaya, yana yi kamar yana duba kwano. Kaka ba ta iya rubutu ba, a ka take riƙewa. Daga bariki sai mu wuce tasha, ta nemi direban da ke zuwa garin, ta ce ya gaya wa gidan wane ɗansu yana da rai. Bayan kwanaki sai ka ga wata mata ta sauka daga mota da ƙunshin kaya, ba ta jin Faransanci, ba ta jin Mina, tana tambayar gidan tsohuwa mai tukunya. A ɗakinmu suke kwana. Kaka ta koya musu wace ƙofa ake bi, wane soja ake gaisarwa, wane ne ba a haɗa ido da shi. Matan ƙarƙashin bishiya da ba sa magana da juna suka fara matsowa kusa da ita. Musulma ta yi addu'arta, Kaka ta yi tata, mai bin addinin gargajiya ta yi shiru, sannan a miƙa kwanuka.

Kada ka ɗauka fushinta ya huce. Faɗan asuba bai fasa ba ko rana ɗaya. Abin da na lura shi ne, a ƙarshen faɗan ta fara jero sunayen mutanen nan takwas, da na waɗanda aka ƙaro, tana ce wa Ubangiji tunda ya ƙi buɗe ƙofar, to ya ba ta ƙafar zuwa.

Damina ta biyu ta kama, babana yana ciki. Sai labari ya zo cewa an kama ɗan dattijon nan, ɗalibi ne, wai an same shi da wasu takardu. Na yi murna. Ba zan ɓoye maka ba, na yi rawa a bayan ɗaki. Bayan kwana huɗu da yamma sai ga matar dattijon a tsakar gidanmu, ba ɗankwali mai tsada, ba turare, idanu sun kumbura. Ita ce wadda ta janye zaninta daga jikina a bencin coci bayan an kama babana. Ta durƙusa a gaban Kaka cikin taɓo tana cewa, "Iya, ban san ƙofar ba. Ban san abin da ake kaiwa ba." Mijinta ya hana ta zuwa barikin da kanta, wai kada a gan ta a wurin ya rasa aikinsa.

Na jira Kaka ta kore ta. Kaka ta dube ta. Sannan ta tambaye ta ko yaron yana cin yaji.

Washegari aka zuba nasa a kwano dabam, domin ɗakinsa dabam ne. Kaka ta ce in ɗauka. Na ce ba zan ɗauka ba. Ban taɓa yi mata musu ba sai ran nan. Na ce uban yaron ne ya kai babana, in ya ga dama ya mutu da yunwa. Inna ta ɗaga hannu za ta mare ni, Kaka ta hana. Ta ɗora babbar tukunya a ka, ta riƙe kwanon a hannu, ta fita, ga ciwon gwiwa da take fama da shi. Na bar ta ta yi nisa, sannan na bi bayanta a ɓoye, ina kuka don haushi. Daidai gefen tafki santsi ya kwashe ta. Ta zube a gwiwa, ta dafe tukunyar da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ta ɗaga kwanon sama kada ya taɓa ƙasa. Na ruga na karɓi tukunyar. Kwanon ban taɓa ba.

Ta zauna a taɓon tana haki. Na ce mata, "Kaka, kin yafe musu ke nan?"

"Ban yafe ba," in ji ta. "Kullum ina roƙo a ba ni ikon yi, ba a ba ni ba tukuna. Amma yaron ciki gare shi kamar ubanki. In na jira sai zuciyata ta yi sanyi, zai mutu."

Ta miƙe, muka tafi. Ita ta kai kwanon har ƙofa, kuma ita ta ci gaba da kaiwa.

Wata uku yaron ya yi aka sake shi, domin ubansa ya san mutane. Aka yi sujadar godiya a coci, dattijon ya tsaya a gaba da farar riga ya ba da shaida, ya gode wa Allah, ya gode wa hukuma saboda tausayinta. Bai ambaci tuwon da ɗansa ya ci ba. Matarsa ta sunkuyar da kai. Na dubi Kaka, na ga tana rera waƙar godiyar da ƙarfi, hawaye na zuba, kuma na san rabin hawayen na takaici ne.

Babana ya fito bayan kusan shekara biyu, ba shari'a, ba bayani. Da rana ya shigo gida da ƙafa, har Hajiya ta yi masa sannu da zuwa irin ta baƙo kafin ta gane shi. Ya rame, haƙoransa biyu babu. Amma hannunsa na dama ne abin da ban iya kallo ba. An karya masa yatsu uku, sun haɗe a karkace. Washegari ya zauna a rumfa, ya ɗauki almakashinsa, ya yi ta ƙoƙarin sa yatsu a ciki. Ya ajiye. Bai sake ɗauka ba har ya bar duniya. To ka gaya mini, wace manufa ce ta buƙaci yatsun tela? Na yi wannan tambaya shekaru da yawa, kuma duk wanda ya yi saurin ba ni amsa ban ƙara zama kusa da shi ba.

Bai taɓa ba mu labarin cikin ba. Abin da ya yi shi ne, bayan 'yan makonni, ya ga Kaka tana ɗingishi za ta ɗora tukunya a ka, sai ya karɓa ya ɗaure a bayan keken hawa na aro. Inna ta yi ta roƙonsa kada ya koma kusa da wurin. Ya ce ya bar mutane a ciki, kuma ya san wanda ba ya iya tauna, ya san wanda gudawa ke damu. Mutumin da in ya ji ƙarar mota sai jikinsa ya kama ɓari, shi ne yake tsayawa a gaban ƙofar nan kullum.

Ba a daɗe ba aka rushe Zongo. Aka kwashe mu a manyan motoci zuwa wani fili can arewa da gari, inda ba inuwa ba rijiya. Hanyar bariki ta yi nisa ninki-ninki. Tukunyar ta koma zuwa sau biyu a mako, daga baya sau ɗaya, amma ba ta tsaya ba sai da gwiwoyin Kaka suka ƙi ɗaukarta, babana kuma ƙirji ya kwantar da shi. A sabon Zongo muka binne su, tsakaninsu shekara ɗaya. Ranar jana'izar Kaka mutane sun zo daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, masu rawani da masu gicciye, wasu ma ba su san sunanta ba. Dattijon bai zo ba. Ɗansa ya zo, ya tsaya a baya.

Yanzu inda gidanmu yake dogayen gine-gine ne masu gilashi, da mai gadi a ƙofa. Jikokina Faransanci suke ji, Hausarsu ta gaisuwa ce. A wayata kullum matan coci suna turo hotunan furanni da kalmomi masu laushi a kan haƙuri da wahala, ina sharewa ban karanta ba. Ban bar coci ba, ban bar Almasihu ba, domin na ga abin da ya yi da tsohuwa mai fushi da tela mai karyayyun yatsu. Bai ba su dalili ba. Aiki ya ba su, ya kuma tsaya tare da su a ƙofar.

Watan jiya wata yarinya a cocinmu, wadda ɗanta ya rasu a hannunta tana jiran likita, ta tare ni bayan sujada. Ta ce mutane suna ta gaya mata nufin Allah ne, ita kuwa ko addu'a ba ta iya yi, in ta buɗe baki zagi ne ke son fitowa. Ta ce, "Mama, na zama kafira ke nan?" Na ce mata ni na fi shekara arba'in ina wannan faɗan, kuma ban ga an rufe mini ƙofa ba. Na ce ta gaya masa duk yadda yake a ranta, kada ta rage komai, zai iya ɗauka. Ban yi mata alkawarin za ta gane dalili ba, domin ni ma ban gane ba. Ta yi kuka a kafaɗata har rigata ta jiƙe, mutane suna wucewa suna satar kallonmu. Wannan Lahadin a gefena ta zauna. Ba ta rera waƙa ko ɗaya ba, amma ta zo.